Tuƙin jirgi ko karatun kimiyya: wace hanya ta fi ga mai son zama ɗan sama jannati?

Ɗan yayata yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma tun yana firamare ya ƙwallafa rai a kan sai ya zama ɗan sama jannati. Mun ɗauka yarinta ce, za ta wuce kamar yadda son zama direban tirela ya wuce. Ba ta wuce ba. Da lokacin cike fom ya zo, sai ya tsaya cak tsakanin abu biyu: ko ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da nufin shiga sojan sama ya tuƙa jirgi, ko ya nemi jami'a ya karanta injiniya ko likitanci. Yaya ta gaji da shi, ta turo min shi ranar wata Asabar. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Kawu, wace ce ta fi saurin kai mutum sama?"

Ban ba shi amsa ranar ba. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na tattara masa daga baya, kuma na san ba shi kaɗai ne yaron da ke da wannan tambaya ba.

Mu fara da sunan, domin akwai rabin amsa a cikinsa. Kalmar astronaut da Amurkawa da Turawan Yamma ke amfani da ita haɗin kalmomin Girkanci biyu ne: astron, wato tauraro, da nautes, wato ma'aikacin jirgin ruwa. Rashawa suka ce kosmonaut, daga kosmos, wato sararin halitta baki ɗaya. Faransawa kan ce spationaute. 'Yan jarida sun laƙaba wa na ƙasar Sin taikonaut, daga taikong, sarari a harshensu, ko da yake su a hukumance hangtianyuan suke cewa. Maleshiya ta ce angkasawan. Mu kuma rediyo ya bar mana ɗan sama jannati, wanda ni dai a kunnena ya fi su duka daɗi, duk da cewa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da suke zuwa kilomita 400 kawai take daga ƙasa, bai kai nisan Kano zuwa Abuja a mota ba.

Abin lura shi ne nautes ba ya nufin kyaftin ko mai riƙe da sitiyari. Duk wanda ke aiki a jirgin ruwa ya shiga ciki, da mai jan igiya da mai gyaran inji. Haka abin yake a kumbo.

Abu na biyu da sunayen nan ke nunawa ya fi ɗaci: sunan yana bin ƙasar da ta horar da kai ne, ƙasar kuma tana duba fasfo kafin ta duba takardar karatu. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ba ta ɗaukar wanda ba ɗan Amurka ba. Ta Turai, ESA, 'yan ƙasashen da ke cikinta take ɗauka. Ta Rasha ma haka. Ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Turkiyya da Indiya sukan zaɓi nasu, su biya a horar musu da su a Houston ko a Birnin Taurari da ke kusa da Mosko. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, ta haɗin kai kan binciken wata da Amurka ke jagoranta, a Disamban 2022, amma ba ta da rundunar 'yan sama jannati. Wannan magana a riƙe ta, za mu dawo kanta.

A farkon lamari babu ma zaɓi. Mutum bakwai na farko da Amurka ta ɗauka a 1959 duk sojoji ne masu gwajin sababbin jirage. Yuri Gagarin, wanda ya fara zagaya duniya ranar 12 ga Afrilu 1961 cikin minti 108, matuƙin jirgin yaƙi ne, kuma gajartarsa ta taimaka, domin kumbon Vostok matsattse ne. Dalilin a bayyane yake. Kumbunan lokacin sababbi ne, ba a san halinsu ba, ana son mutumin da ya saba zama cikin injin da zai iya kashe shi, hannunsa kuma bai yi rawa ba. A Maris ɗin 1966 wani bututun tura kumbon Gemini 8 ya maƙale a buɗe, kumbon ya dinga juyawa kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Neil Armstrong ne ke riƙe da shi, idanunsa na neman rufewa, ya kashe wancan tsari ya kunna na saukowa ya tsayar da juyin. Irin wannan ba a koyon sa a aji. Shekaru ne na tashi da jirgi suke dasa shi a jikin mutum.

Kuma kada wani ya ce zamanin haka ya wuce. A Yunin 2024 sabon kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya rasa wasu bututan turawa yana dab da tashar ƙasa da ƙasa, sai da Butch Wilmore ya karɓi tuƙi da hannu. Shi da abokiyar tafiyarsa Suni Williams duk tsofaffin matuƙan gwaji ne na sojan ruwa. Tafiyar da aka shirya ta kusan mako guda ta koma wata tara. Cikin huɗun da aka zaɓa a 2023 domin zagayen wata na Artemis II, uku matuƙan jiragen yaƙi ne, Christina Koch ce kaɗai injiniya zalla. Duk inda kumbo yake sabo, matuƙi ne a gaba.

Hujja mafi ƙarfi ga masu son hanyar soja, wadda ni kaina ta sa na yi jim, ita ce wannan: idan ƙasa za ta tura ɗanta na farko, sau da yawa barikin sojan sama take leƙawa. Indiya ta tura Rakesh Sharma a 1984, Siriya ta tura Muhammed Faris a 1987, Sin ta tura Yang Liwei a 2003, Daular Larabawa ta tura Hazza Al Mansouri a 2019, Turkiyya ta tura Alper Gezeravcı a 2024. Dukansu matuƙan jiragen yaƙi ne. Idan wata rana Abuja ta yanke shawarar biyan kujera da kuɗin gwamnati, ba zan yi mamaki ba in hafsan sojan sama ne ya hau.

To amma dubi tsawon layin. Sai ka samu shiga makarantar hafsoshin ta Kaduna, wanda shi kansa yaƙi ne. Sai a sa ka a sojan sama, ba na ƙasa ba. A sojan saman ma ba kowane hafsa ne ke tuƙi ba. Cikin masu tuƙin, kaɗan ne ke hawa jirgin yaƙi. A kowace gaɓa kuma likita na tsaye, ido ko kunne ko hawan jini na iya mayar da kai ofis. Bayan duk wannan, ba ka tsira daga karatu ba. A neman da NASA ta buɗe a 2020, ta ce sai mai digiri na biyu a kimiyya, injiniya ko lissafi, ko abin da ya yi daidai da shi, kamar digirin likita ko kammala makarantar matuƙan gwaji. Matuƙi kuma sai ya kawo awa 1,000 yana jagorantar jirgi mai injin jet. Wato wanda ya gudu daga lissafi ya shiga soja, lissafin yana jiran sa a gaba da sanda.

Hanya ta biyu ta buɗe ne sannu a hankali. Valentina Tereshkova, mace ta farko a 1963, ma'aikaciyar masaƙa ce da ta iya sauka da lema. Cikin mutum 12 da suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, ɗaya ne tak masanin kimiyya ta sana'a, Harrison Schmitt, masanin duwatsu, shi ma sai a tafiya ta ƙarshe, bayan masana sun yi ta ƙorafi. Babban sauyi ya zo a 1978, lokacin da NASA ta ɗauki mutum 35 ta raba su gida biyu, matuƙa da ƙwararrun aiki. Ta wannan ƙofa Sally Ride da Ronald McNair, duk masana kimiyyar lissafi da ɗabi'ar abubuwa, suka shiga. Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sarari a 1992, likita ce da ta yi aiki a Saliyo da Laberiya kafin a ɗauke ta.

Yau tashar ƙasa da ƙasa ɗakin bincike ne da ke shawagi. Kumbon Dragon kan haɗe da ita da kansa, kwamfuta ke tuƙi, mutum na sa ido. Tafiya da dawowa kwana ɗaya ko biyu ne, zaman kuma wata shida. A watannin nan shida ba tuƙi ake yi ba: gwaje-gwaje ne, ɗibar jini, gyaran famfo, canza batir, da gyaran ban-ɗaki in ya toshe. Shi ya sa zaɓen ya karkata. Da Turai ta sanar da sababbin nata a 2022, daga masu nema sama da 22,500, biyar ta ɗauka aikin dindindin. Sophie Adenot ce kaɗai matuƙiyar gwaji ta soja. Sauran akwai injiniya, masaniyar taurari, masanin ƙwaƙwalwa da likita. Ƙasashen da ke tura ɗan farko ma ba duka ne ke bin soja ba. Helen Sharman ta Birtaniya masaniyar sinadarai ce a kamfanin cakulan, a rediyon mota ta ji sanarwar, ta tashi a 1991. Na Maleshiya, Sheikh Muszaphar Shukor, likitan ƙashi ne.

Misalan da suka fi burge ni guda biyu ne, domin sun sa hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa. Daular Larabawa ta zaɓi mutum biyu a 2018 daga masu nema sama da 4,000: Hazza matuƙin F-16, da Sultan Al Neyadi mai digirin digirgir a fasahar sadarwa. Matuƙin ya riga tafiya, ya yi kwana takwas, sunansa ya shiga tarihi. Injiniyan ya jira har 2023, amma ya yi wata shida, kuma ya zama Balarabe na farko da ya fita waje da tashar ya yi aiki. Misali na biyu kuwa wata tafiya ce zuwa tashar, mai suna Ax-4, a Yunin 2025. Matuƙin kumbon Shubhanshu Shukla ne, hafsan sojan saman Indiya. Kwamandar da yake ƙarƙashinta kuma Peggy Whitson ce, masaniyar sinadaran jiki, 'yar manoma daga jihar Iowa, wadda ta shafe kusan shekara goma tana nema kafin NASA ta ɗauke ta a 1996. Yanzu tana da kusan kwana 700 a sarari.

Ko ta wace ƙofa ka shigo, tukunya ɗaya ake dafa kowa, kusan shekara biyu na horon farko kafin ma a sa ka a layin tafiya. A nan ne na fi so yaron ya nutsu, domin hotunan da yake gani a waya ba sa nuna gumin.

A Houston akwai wani tafki na musamman, tsawonsa mita 62, faɗi 31, zurfi 12, yana cin lita miliyan 23 da ɗoriya. A ƙasansa an nutsar da kwaikwayon sassan tashar, girmansu guda da na gaske. Ana sa wa mutum rigar nan fara mai nauyin da ya haura kilo 100, ƙugiya ta ɗaga shi ta saka a ruwa, masu ninƙaya su daidaita masa nauyi har ya zama ba ya nitsewa ba ya tasowa. Sai ya yi awa shida a ciki yana kwance ƙusa yana ɗaurawa. Rigar cike take da iska, saboda haka duk sanda ka dunƙule hannu kamar kana matse ƙwallon roba ne, sau dubbai. Akwai waɗanda farcensu ke ɓarewa. Babu fita fitsari, ƙunzugu ake ɗaurawa kamar jariri. Da na kai nan ɗan yayata ya yi dariya, ya ce wasa nake. Ba wasa ba ne. Amfanin wahalar ya fito a Yulin 2013, lokacin da ruwa ya fara taruwa cikin hular Luca Parmitano yana waje da tashar, ya rufe masa ido da hanci, ya lallaɓa ya koma ƙofa da lalube saboda hannunsa ya haddace hanyar.

A Birnin Taurari kuma akwai injin juyi mai hannu na mita 18. Ana ɗaure mutum a bakinsa a wulwula shi har nauyinsa ya ninka takwas. Mai kilo 70 zai ji kamar an ɗora masa kilo 560, numfashi sai da dabara. Ana yin haka ne domin ranar da abu zai ɓaci, kamar Oktoban 2018 da rokar Soyuz ta samu matsala minti biyu da tashi, Nick Hague da Aleksey Ovchinin suka faɗo da tsananin matsi amma suka sauka lafiya. Rashawa kuma sukan kai ɗalibai daji cikin ƙanƙara su bar su kwana biyu ko uku da lemar sauka da ɗan guzuri. Sun koyi darasin ne a 1965, da kumbon Alexei Leonov ya kauce ya sauka cikin dajin Perm, shi da abokinsa suka kwana biyu a can kafin a fito da su. Rashin nauyi na gaske kuwa a jirgin sama ake ɗanɗana shi: jirgin ya cilla sama ya sulmiyo, a samu daƙiƙa 20 zuwa 25 ana shawagi, a maimaita sau da dama. Amai ba abin kunya ba ne a wurin.

A injin juyi da jirgin shawagi matuƙi ya fi sakewa, jikinsa ya san matsi, cikinsa ya daina tashi. Masanin kimiyya kuwa sai an ɗora shi a kujerar baya ta jirgin horo T-38 ya koyi magana da hasumiya da yanke shawara cikin daƙiƙa. Amma in aka koma aji, sai reshe ya juya da mujiya. Ga tsarin lantarki da iska da ruwa na tashar, ga sarrafa dogon hannun ƙarfe na tashar da Kanada ta ƙera, ga ɗinkin rauni da cire haƙori, ga ilimin duwatsu da Turawa ke koyarwa a tsibirin Lanzarote. Sannan ga Rashanci, wanda Tim Peake na Birtaniya, shi kansa matuƙin gwaji, ya ce shi ya fi ba shi wuya. A nan yaron da ya tashi da Hausa a gida, Larabci a islamiyya, Turanci a boko, bai kamata ya raina kansa ba.

Yaya da ke sauraron mu daga kicin ta leƙo ta ce, to sallah fa, a inda rana ke fitowa sau 16 a yini? An riga ta tambaya. Tafiyar likitan Maleshiya ta faɗo a ƙarshen Ramadan na 2007, malaman ƙasar suka zauna suka fitar da jagora: a bi lokutan wurin da aka tashi, a fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in tsayuwa ba ta yiwu ba a yi yadda ya sauwaƙa.

Akwai hanya ta uku, ta aljihu, ba zan daɗe a kanta ba. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya biya kusan dala miliyan 20 a 2002, ya yi watanni yana horo a Rasha. Kumbon New Shepard na Blue Origin kuwa ya riƙa haura kilomita 100 yana dawowa cikin minti 10 zuwa 11, horonsa kwana biyu ne. Da shi lauya Owolabi Salis ya zama ɗan Najeriya na farko da ya leƙa sarari a Yunin 2025, kuma irin kujerar ce NASRDA ta ƙulla yarjejeniya a kanta da wata ƙungiya mai suna SERA a 2024. Abin alfahari ne, amma yawon buɗe ido ne, ba sana'ar da ake cike wa fom ba.

Yanzu mu dawo kan maganar fasfo, mu haɗa ta da lissafi. A 2017 NASA ta ɗauki 12 daga sama da 18,300. A 2021 ta ɗauki 10 daga sama da 12,000. José Hernández, ɗan leburorin gona, sau 11 ana mayar da shi kafin a ɗauke shi a 2004. Waɗannan fa masu ƙasar ne. Ga namu yaron, tambayar da ta dace ita ce: wace hanya ce za ta ciyar da shi in ƙofar ba ta buɗe ba, kuma wace ce za ta matso da shi kusa in ta buɗe a wani wuri? Hafsan soja na ƙasarsa ne, ba ya ɗaukar jaka ya koma wata ƙasa don ya ga dama, damarsa guda ce, ranar da gwamnati ta tashi. Likita ko injiniya kuwa takardarsa na tafiya da shi: digiri na biyu a waje, aiki a kamfanin tauraron ɗan adam, NASRDA a gida, ko Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka da aka buɗe a Alƙahira a 2025. Kuma aikin sarari galibinsa a ƙasa ake yin sa. Shirin Apollo, wanda ya kai mutum wata, ya ci ma'aikata kusan 400,000. Kano ma ta taɓa shiga lissafin: lokacin da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a Fabrairun 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bibiyar kumbonsa a Kano take.

Don haka ni na karkata ga jami'a, in dai sararin ne burin. Wanda kuma tuƙin kansa yake so, wanda zai yi murna da shekara talatin a cikin jirgi ko da bai taɓa ganin roka ba, ya bi soja ko ya nufi kwalejin jiragen sama ta Zariya da zuciya ɗaya, bai yi asara ba. Ga 'yan mata ma karatun ya fi faɗin ƙofa. Rayyanah Barnawi ta Saudiyya daga ɗakin binciken ciwon daji ta tashi a 2023, a kumbo ɗaya da matuƙin jirgin yaƙi Ali AlQarni.

A namu gidan abin da ya raba gardamar ƙarami ne. Yaron gilashi yake sawa tun yana aji uku. NASA ba ta hana mai gilashi in dai gilashin na gyara gani sarai, amma gwajin ido na shiga tuƙin soja ya fi haka tsanani. Ya cire gilashin ya juya shi a hannu, ya ce, "Kawu, ke nan injiniya." Ya cike injiniyan lantarki.

Sai na karanta masa abu na ƙarshe: a watan farko na horo, NASA kan sa ɗalibi ya ninƙaya tsawon tafki mai mita 25 sau uku ba tsayawa, ya sake yi da kaya da takalmi a jikinsa, sannan ya tsaya kan ruwa minti 10. Ɗan yayata ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Ya tambaye ni nawa ake biyan koyon iyo a tafkin otal. Kafin in buɗe baki Yaya ta amsa daga kicin cewa ita dai ba da yawunta ba, sama ta ji ta yarda, amma ruwa a'a.